Yadda Ake Warware Lissafin Kwadiratik

Lissafin kwadiratik shi ne wanda ke ɗauke da x², wato x sau x, kuma babu x³ ko abin da ya fi haka a cikinsa. Siffarsa ita ce ax² + bx + c = 0, bisa sharaɗin kada a ya zama sifili.

Kafin komai, kwashe abin da ke dama ka dawo da shi hagu, sifili kaɗai ya rage. In an ba ka 2x² + 3x = 5, mai da shi 2x² + 3x − 5 = 0. Sai ka rubuta a gefe: a = 2, b = 3, c = −5. Alamar ɗebewar nan tare take da biyar ɗin, kuma mantawa da ita ne ke kayar da ɗalibai da yawa.

Daga nan nemo b² − 4ac. A misalinmu 9 − 4(2)(−5) ne. Ɗebewa ta haɗu da ɗebewa ta koma tarawa, ka sami 9 + 40 = 49. Lambar nan ita ke gaya maka abin da ke gaba: in ta haura sifili amsa biyu ce, in sifili ce amsa ɗaya, in ta gaza sifili babu amsa a cikin lambobi na zahiri.

Yanzu sai ƙa'idar:

x = (−b ± √(b² − 4ac)) ÷ 2a

Tushen 49 shi ne 7, domin 7 sau 7 ne ke ba da 49. Saboda haka x = (−3 + 7) ÷ 4 = 1, ko x = (−3 − 7) ÷ 4 = −5/2. Duka saman ake rabawa da 2a. Wanda ya raba tushen kaɗai ya bar −b ya ɓata aikin.

Ba kullum ake buƙatar wannan doguwar hanya ba. In a = 1, kamar a x² − 5x + 6 = 0, nemi lambobi biyu da in an ninka su a sami 6, in an tara su a sami −5. Su ne −2 da −3, sai ka juya alamarsu ka sami amsa, wato 2 da 3. In ka ɗan laluba ba su fito ba, koma kan ƙa'idar, ita ba ta ƙin kowane lissafi.

Akwai tarko a irin x² = 4x. Hannu kan yi saurin raba ɓangarorin biyu da x, a ce x = 4, alhali an zubar da amsa guda. Rubuta x(x − 4) = 0, za ka ga sifili ma amsa ce.

Kowace amsa ka samu, mai da ita cikin lissafin farko. A misalinmu na 2x² + 3x = 5, da x = 1: 2 + 3 = 5, ta zauna daidai.