Yadda Ake Kare Fentin Keke Mai Ninkewa Kafin a Yi Masa Kwalliya

Keke mai ninkewa, irin na gwanjon nan mai tayoyi inci 16 ko 20 da wasunmu suke hawa daga ƙauye zuwa bakin titi, su ninke shi su shiga motar Ringim ko ta Dutse, ba ya tsufa kamar Phoenix da Raleigh na iyayenmu. Fentinsa yana fara cinyewa ne a inda ƙarfe yake haɗuwa da ƙarfe idan an ninke shi, da kuma inda wayar birki take gugar jikinsa. Wanda bai kare waɗannan wurare ba, duk kwalliyar da ya yi ta banza ce.

Ka fara da sanin ƙarfen da ke hannunka. Ka samo maganaɗisun tsohuwar sifika ka kara a jikinsa. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne, kamar yawancin Brompton da ake ƙerawa a Landan, kuma tsatsa za ta ci shi ta duk inda ya ƙwarzane. Idan bai kama ba, galibi alminiyam ne, kamar da yawa daga cikin kekunan Dahon, shi kuma farin gari yake yi a ƙarƙashin fenti har ya ɗaga shi.

A lokacin hunturu kada ka taɓa goge ƙura da busasshen tsumma, domin ƙurar nan rairayi ce mai laushi, kuma da hannunka za ka dusashe ƙyallin fentin. Ka fara kwarara ruwa, sannan ka bi da sabulu da tsumma mai taushi, ka bar shi ya bushe a inuwa. Fetur da kananzir ba na fenti ba ne.

Bayan ya bushe, ka shafa alli a ƙarshen kusoshi da gefen feda, ka ninke shi a hankali, sannan ka buɗe. Duk inda ka ga farin tabo, nan ne ake cin fentin. Idan har ƙarfe ya bayyana, ka goge tsatsar da sanfefa mai laushi, ka ɗiga jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙofofi, washegari ka rufe da jan farce mai launin keken. Daga nan sai ka liƙa salatif mai kauri, ko ka yanko tsohon tub ka naɗe wurin sosai. Ni na fi amincewa da tub, saboda zafin bazara yana narkar da gam ɗin salatif, ƙura ta manne a gefensa ta yi baƙi.

Ta fuskar kwalliya, sitika mai walƙiya idan fitilar mota ta haska ta ita ce ta fi cancanta, musamman ga mai dawowa bayan magariba. Al'adarmu ta barin leda da kwali a jikin sabon abin hawa kuwa ba ta dace da wannan keke ba, domin da damina ruwa yana kwanciya a ciki. Kada ka rufe gaɓar da yake ninkewa da komai, ko fenti ko sitika, saboda a kusa da ita tsagewa take yawan farawa, kuma ranka yana kan ganinta da wuri. Sandar sirdi ma a bar ta tsirara, a riƙa goge ta kafin a zura ta ƙasa. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ita ce shaidarka idan an sace shi, kada fenti ya binne ta. Idan za ka sake launi gaba ɗaya, kada ka yarda a ƙone tsohon fenti da wuta, domin zafi yana raunana alminiyam.

Nawa keken a but ɗin mota ya samu mummunan tabonsa, inda ya yi ta gugar jak tun daga tasha har muka sauka. Tun ranar nake ɗaure tsohon buhu a bayan sirdi, in zura keken ciki kafin yaron mota ya karɓa.