Ciyar da zabin da aka killace: awon hunturu daban, na bazara daban

Zabon da ke yawo a gona shi ke zaɓar abin da zai ci. Wanda ka kulle a akurki kuwa, abin da ka zuba masa shi ne rabonsa. Shekarar da na fara killace nawa, awo ɗaya nake yi musu rani da damina, sai ranar da na kama wata zabuwa a tsakiyar Janairu na ji ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don laifina ne.

Da hunturu, wani kaso na abin da tsuntsu ya ci ɗumama jiki yake tafiya. Don haka ka ƙara tsaba, gero ko dawa ko masara, ka rage dusa, domin dusa cika ciki take yi, ƙarfinta kaɗan ne. Babban awon ka bar shi sai bayan la'asar, su kwana da abinci a ciki. Ka kuma toshe ɓangaren da iskar gabas ke shigowa da zana ko buhu.

Tsaba ba ta niƙuwa sosai idan babu tsakuwa. Zabo ba shi da haƙori, ƙundunsa ne dutsen niƙansa, kuma da 'yan tsakuwoyin da ya haɗiye yake niƙa. Ni kasko guda na ware, kullum cike da yashi mai tsakuwa. Idan ka ga ƙwayar dawa ta fito a kashinsu yadda ta shiga, je ka duba kaskon nan.

Bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, cinsu zai ragu da kansa, ka gan su baki buɗe suna haki. Narkar da abinci ma zafi yake haifarwa a jiki, shi ya sa ba na zuba musu da tsakar rana. Da asuba da yamma kawai. Ruwa a kwatarniya a inuwa, a sauya sau biyu a rana.

Damina lokacin ƙwai ce, kuma nan ne buƙata ta fi yawa. A haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka soya, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Gara, ƙwarin nan na shuri, idan ta samu, babu kamarta. A daka ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai saboda ƙwarin ɓawo. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar da shi, guba ne ga hantarsu.

Kowane sauyi ka yi shi a hankali, cikin mako guda, kana cakuɗa sabon haɗi da tsohon, don hanjinsu sai ya saba, in ba haka ba zawo za ka gani. Duk Juma'a da dare nakan kama uku ko huɗu in shafa ƙirjinsu, da abin da hannuna ya ji nake yin awon mako mai zuwa.