Ɗigon da ke fuskar laftof: ku gwada wannan kafin ku biya mai gyara

'Yan uwa, in kun ga ɗan ɗigo ja, kore ko shuɗi a sikirin ɗin laftof, kada ku yi saurin canza shi. Ku goge gilashin tukuna, wani lokacin ƙura ce. In yana nan, ku buɗe shafin JScreenFix a intanet, ku ja akwatin da zai bayyana, mai saurin sauya launuka, zuwa kan ɗigon, ku bar shi minti 10 zuwa 20. Kyauta ne.

Dalili kuwa, hoton sikirin haɗuwar ƙananan ɗigogi ne, kuma kowane ɗigo yana da ƙananan sassa uku, ja, kore da shuɗi. Wani lokaci ɗaya yakan maƙale. Saurin sauyawar launi yakan sa ya saki.

Amma in ɗigon baƙi ne ƙirin ko a kan farin shafi, galibi ya mutu, wannan dabarar ba za ta tashe shi ba. Don Allah kada ku danna da yatsa ko biro, ɓarnar takan ƙaru.

Masu sayen na hannu kuma, tun a shago ku cika fuskar da fari, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ku duba da kyau kafin kuɗi ya bar hannunku.