Shawara ga malaman Islamiyya na Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Yaranmu na Legas, Yarbanci da buroka sun fi zama a bakinsu, Hausar sai ƙara nisa take yi musu. Ku gwada wannan bayan la'asar: a raba su gida biyu, masu sayar da tumatir a Mile 12 da masu saye, su yi ciniki da Hausa zalla, har lissafin canji. Farillan alwala bakwai ɗin nan kuwa, a mayar da su waƙa ana tafi.

Yaro mai in'ina, don Allah kada a tsayar da shi shi kaɗai, a saka shi cikin 'yan amshi. Wata yarinya a ajina ta yi wata biyu ba ta magana, a amshi bakinta ya buɗe.