Yadda ake maida mota ɗigo ɗaya a lissafin fizik

'Yan lise na Damagaram masu shirin BAC, ku matso. Abin nan da mushe, malamin fizik, ke rubutawa a tablo, puwan materiyel, ba wani aljani ba ne, dabara ce kawai: ka ɗauki abu mai girma ka ce ɗigo ne, ba tsawo ba faɗi, amma kilo ɗinsa na nan yadda yake.

Da farko ka gwada girman abin da nisan tafiyarsa. Kar ɗin da ke tashi daga nan zuwa Yamai tsawonsa bai wuce mita goma sha wani abu ba, hanya kuma kusan kilomita 900, to wa ya damu ko gaban motar ne ya fara isa ko bayanta? Ɗigo ne. Ita kanta duniya, faɗinta wajen kilomita 12,700 ne amma tsakaninta da rana kilomita miliyan 150, shi ya sa in ana lissafin zagayenta ake ɗaukarta ɗigo. Tun 1687 masanin fizik Newton ya nuna cewa dunƙulallen abu kamar ƙwallo yana jan na waje da shi kamar duk nauyinsa a cibiya yake.

Na biyu, ka ɗiga bik a kaye daidai cibiyar nauyin abin, ka ja kibiya ga kowane ƙarfi da ke kansa, nauyi ya nufi ƙasa, in igiya na ja ka bi igiyar. Nan yara ke faɗuwa wlh, sai su ƙara kibiyar gudu cikin ƙarfi alhali gudu ba ƙarfi ba ne.

Na uku lissafi. Saki tsakuwa a rijiya, ka duba agogon salula, a ce sakan 2 ka ji cuɓul. Zurfi shi ne rabin 9.8 (adadin mita a sakan da gudun abin da ke faɗuwa ke ƙaruwa da shi kowane sakan) sau sakan 2 ɗin nan sau 2 kuma, ya ba ka mita 19.6. Ba ka tambayi ko tsakuwar mai tsini ce ko mulmulalla ba ai, ka manta da iska, ka manta da ɗan lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta hauro, kuma amsar ta yi kusa sosai.

Na huɗu shi ne wanda ni na fi ba muhimmanci, ka san inda dabarar ke ƙarewa. Takarda a iskar hunturu ba ta bin wannan lissafin, faɗinta ke aiki. A duniyar wata inda ba iska kuwa, a 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu suka sauka tare. Haka babbar motar da aka labta wa buhuna har sama a hanyar Matameye, in tambayar ita ce ƙarfe nawa za ta isa, ɗigo ne, in kuma tambayar ko za ta kife a kwana ne, to dole ka dawo da tsayin kayan da faɗin tayoyi, don ɗigo ba ya kifewa.