Kofin shayi ƙarami ne, amma haƙori yana ƙirgawa

Akwai wani tela a unguwarmu a Garwa da ya wuni riƙe da kumatu, yana rantsuwa shi bai san inda ciwon haƙori ya samo shi ba. "Ni fa ban shan alewa, Malam, wannan ai ta yara ce." Yana faɗa, buta na tafasa kan gawayi a gefen kekensa. Tun hantsi take wurin, kuma sai an yi isha za a sauke ta.

Babban kuskuren mutanenmu ke nan: muna duba yawan zaƙin da muka sha, ba ma duba sau nawa ya shiga baki. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukari, su fitar da wani tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙorin. Miyau ne ke wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi kamar rabin sa'a ko fiye. To wanda ke kurɓar shayi kofi bayan kofi, yaushe miyau zai samu sukuni? Gara mutum ya shanye kofunansa uku a zama ɗaya bayan abinci, ya kurkure baki da ruwa, da ya rarraba su daga safe har dare. Ban ce a bar shayi ba, na san ba wanda zai saurare ni. A dai rage hannu wajen zuba sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in so samu ne kada sukarin da babba ke sha a wuni ya wuce kimanin giram 25, wato ƙaramin cokali 6. Mai shayin da ke haɗa maka Nescafé da madarar gwangwani mai kauri da safe ya kusa cinye maka rabon wunin.

Sai zoɓorodo, wanda a nan muka fi kira folere, da ruwan tsamiya da lemon kwalba. Ana ganin folere tsiro ne, don haka ba laifi. Amma tsami ne da kansa, ga sukarin da aka lafta masa. In ka sha, kada ka ruga wa buroshi ko aswaki nan take, ɓawon haƙorin ya yi laushi, gugar za ta ƙara cinye shi. Kurkure da ruwa, ka jira rabin sa'a.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na yara. Uwa za ta ba yaro kunu mai sukari ko ta cika masa bulunboti da madara mai zaƙi don ya yi barci, ya kwana da shi a baki. Da dare miyau na raguwa ƙwarai, zaƙin sai ya kwanta kan haƙoran gaba har safiya. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara uku da haƙoran sama sun yi baƙi sun gutsuttsure. A ce wai ai na nono ne, za su faɗi. Za su faɗi, amma ciwon da rashin iya tauna fa? Bayan an goge wa yaro baki da dare, ruwa kaɗai ya halatta.

Goro kuma ba ya wanke baki, rina haƙori yake yi. Buɗe kwalba da haƙori ko tauna ƙanƙara lokacin zafin Maris da Afrilu, wannan neman tsagewa ne kawai.

Masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, babu wata tsutsa a ciki. Kanumfari zai lafar da zogi na ɗan lokaci, man goge baki mai sinadarin fuloraid safe da dare zai kare sauran haƙoran, amma kogon da ya riga ya buɗe ba ya rufewa da kansa, sai likitan haƙori ya cike shi. Telan nan sai da fuskarsa ta kumbura ya je, aka cire masa turmi guda.