Yadda ake haɗa agogon bango mai sauƙin karantawa

Yawancin masu koyon haɗa agogon bango ado ne ke kayar da su. Za ka ga an cika fuskar agogo da furanni da lambobi masu lanƙwasa, har sai mutum ya matso kusa kafin ya gane ko ƙarfe uku ne ko huɗu. Ni kuwa samfurin da nake sa kowa ya duba shi ne agogon tashoshin jirgin ƙasa na Suwizalan, wanda injiniya Hans Hilfiker ya zana a 1944. Farar fuska ce da baƙaƙen sanduna, babu lamba ko ɗaya, domin fasinjan da ke gudu ya karanta daga nesa. Daga baya aka ƙara masa jan hannun daƙiƙa mai kan da'ira, kamar sandar da ma'aikacin tasha ke ɗagawa a wancan lokaci ya sallami jirgi.

Fara da injin, irin mai batir ɗaya. Ka saye shi wajen masu gyaran agogo, ko ka cire na tsohon agogon da gilashinsa ya fashe, ya fi araha. Ka dai auna tsawon bakinsa, wato sandar da hannayen agogo ke hawa, da kaurin katakon da za ka yi fuskar agogon da shi tukuna. In katakon ya yi kauri, bakin ba zai leƙo ba balle noti ya kama.

Kafinta ya yanka maka da'ira mai faɗin santimita 30. Ka goge ta, ka shafa farin fenti marar sheƙi sau biyu. Mai sheƙi kada ka taɓa shi, da an kunna fitila sai ya riƙa kashe ido.

To ga inda na taɓa yin asara. Na huda ramin tsakiya tun kafin in yi zane, sai kamfas na zana da'ira ya rasa wurin tsayawa, na koma raba awoyi da ido. Da na rataye agogon, ƙarfe shida daidai amma hannun awa ya kauce wa alamarsa kamar faɗin yatsa. Dole na sake fenti tun daga farko. Saboda haka kada ka huda komai sai ka gama zane. Kafa tsinin kamfas a tsakiya, ka zana da'ira. Kada ka taɓa buɗin kamfas ɗin, ka ɗora tsininsa a kan layin da'irar ka riƙa takawa kana sa alama. Taku shida zai dawo da kai inda ka fara. Ka samu 12 da 2 da 4 da 6 da 8 da 10 ke nan. Raba kowane tsakani biyu, awoyi sun cika, digiri 30 tsakanin kowace awa. Minti kuwa digiri 6 ne. Sannan ka ɗora rula daga 12 zuwa 6: in ba ta bi ta kan ɗigon tsakiya ba, goge ka sake, kada ka ce ai ɗan kaɗan ne.

Sandunan awa su yi kauri da tsawo, na minti sirara gajeru. Ka kewaye kowace da salatif kafin ka shafa baƙin fenti, bakinta zai fito tsaf. Hannun minti ya kai har kan alamomin minti, na awa ya gajarta sosai yadda ba za a rikita su ba. Ja kuwa na hannun daƙiƙa ne kaɗai.

Yanzu huda ramin, zura injin ta baya, ɗaure noti. Sa hannun awa, sai na minti, sai na daƙiƙa, duka suna kallon 12. Juya su zagaye ɗaya ka tabbata ba sa gogar juna. Sa batir, rataye shi, ka koma bakin ƙofar ɗaki ka karanta daga can.